Gida da Likita

Ni tela ce, kuma da abin da na gani bai tsaya mini a maƙogwaro ba, da ban ajiye almakashi na ɗauki biro ba. Shagona ɗaki ne guda a jikin gidan da zan ba ku labarinsa, a wurin mai gidan nake haya. Tagata ta baya tsakar gidan take kallo, akwai kuma wata 'yar ƙofa tsakaninmu da nake bi in ɗebo ruwa. Ko ina so ko ba na so, kunnena yana cikin gidan.

Yarinyar ita ce auta. Tun tana ƙarama ake kiranta Likita, har sunan ya bi ta ta shiga makarantar likitanci. Da ta gama shekarun aji aka fara tura su asibiti koyon aiki, ni na ɗinka mata farar riga. Babanta ne ya kawo yadin da kansa, ya tsaya a kaina yana cewa in sa manyan aljihu, likitoci suna da tarkace. Daga ranar ya zama Baban Likita a layinmu. In ka kira shi da wani suna sai ya yi kamar da bango kake.

Saura mata shekara guda ta gama, Mama, mahaifiyarta, ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti, an ja musu kunne a kan abu ɗaya: a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar da take kwance a kai za ta mutu, ta fashe ta zama gyambo.

Washegari da hantsi Likita ta tara su a ɗakin Mama, ta leƙo ta ce ni ma in zo in gani. Ga Baba, ga Yaya, babban wanta, da matarsa, da yake tare suke zaune a gidan, ga kuma Anti, yayarta da ke aure a bayan layi. Ta lanƙwasa gwiwar Mama, ta sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ta mirgino ta a hankali, ta cusa filo a bayanta.

"Kun gani? Shi ke nan. Ba ƙarfi ake sawa ba. Yaya, zo ka gwada."

Yaya ya ɓoye hannuwansa a baya. "Ke, hannuna nauyi gare shi. Kar in je gyara in karya mana uwa."

"Anti fa?"

Anti tuni ta fara matsar hawaye. "Wallahi zuciyata ba ta ɗauka. Ina ganin Mama a haka jikina sai rawa. Ku likitoci ne aka cire muku wannan."

Matar Yaya ta sunkuyar da kai ta ce surukarta ce, tana jin nauyinta, ga kuma goyo.

Baba ya yi dariya ya gyara hula. "To me ma ya sa muke wahalar da kanmu? Mutane kuɗi suke kashewa su ga likita, mu Allah Ya ajiye mana a gida."

"Baba, ni ɗaliba ce," in ji ta. "Da sassafe ake fara zagayen marasa lafiya, kuma dole in kasance a wurin."

"Marasa lafiyan can, wa ya haife ki a cikinsu?"

Ya san babu mai amsar wannan tambaya, shi ya sa ma ya yi ta.

A bakin kekena ta yi mini bayanin yadda karatun nasu yake. Ba irin wanda za ka kulle kanka da littafi ka ci jarrabawa ba ne. Sashe-sashe ake zagayawa da su, yau ɗakin yara, wata mai zuwa ɗakin haihuwa, daga nan tiyata. Kowace safiya sai an gan ka tsaye a bayan babban likita, ya nuna gado ya ce faɗi abin da ke damun wannan. Wanda fashinsa ya yi yawa ba a barinsa ya zauna jarrabawa, sai ya maimaita shekara. Wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, sai gida.

Da farko ta so ta haɗa biyun. Ta juya Mama, ta wanke ta, ta ba ta abinci cokali-cokali tana jiran ta haɗiye, sannan ta zura farar rigar ta fito da gudu-gudu. Sau nawa a nan ƙofar shagona Baba ya tare ta da wani abokinsa. "Yawwa, ga ta nan. Likita, ɗan auna wa wannan bawan Allah jini, tun jiya kansa ke sarawa." Ta ajiye jaka ta auna. Kafin ta naɗe abin awon wani ya miƙo nasa hannun. Ta isa asibiti an ci rabin zagaye, tsakar rana kuma ga wayar matar Yaya, Mama ta ɓata shimfiɗa, a zo.

Ƙawarta, wata 'yar ajinsu da ake kira Doguwa, ita ta samo mafita. Ta kawo wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, wadda za ta riƙa wuni da Mama. Kada ku ce rashin kuɗi ne, Yaya da bakinsa ya ce zai biya, har da murnarsa, don dai a bar shi ya huta da maganar. Matar ta iso da 'yar jakarta, Baba ya tsaya a ƙofar gida ya cika ta.

"Baiwar Allah, kin ɓata hanya ne? Wannan gida da likita a ciki."

"Baba, da rana kawai za ta riƙa zama," in ji Likita, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki yi shiru. So kike a ce a layin nan na yi shekara da shekaru ina kiran 'yata likita, ashe ko uwarta ba ta iya riƙewa ba, sai an ɗauko bare? Da wane ido zan kalli mutane?"

Dattijuwar ta dubi Likita wani irin kallo na wadda ta san ƙarshen labarin, ta juya ta tafi. Yaya ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai ya yi nasa.

Satin da za a gwada su a ɗakin yara, Likita ta roƙe su da girman Allah su riƙe Mama na 'yan kwanaki, ta kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ta ga ko za ta cike giɓin. Kowa ya ce ba komai, Allah Ya ba da sa'a. Ina jin su ta taga. Matar Yaya ta ce Anti za ta zo ta juya ta, Anti ta bugo waya ta ce ai ta ɗauka matar Yaya ta juya. Abinci dai ana kai mata, zani ma ana canzawa daga sama-sama. Da na shiga na ce a taya ni mu juya ta, sai aka ce yanzun nan aka yi, barci take.

Ranar da Likita ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta mirgina uwarta. Na ji salatinta daga shago, na shigo. A ƙasan bayan Mama fata ta yi baƙi ta buɗe, faɗin tafin hannu, ga wari. Likita ta durƙusa a bakin gadon tana kallon wurin, ta kasa ko kuka.

Ku tsaya ku ji wanda aka ɗora wa laifi. Anti ta iso tana kururuwa tun daga ƙofa. "Kin ga abin da kika jawo? Kin tafi renon 'ya'yan wasu kin bar uwarki tana ruɓewa! Mu mun san wani gyambo ne? Ke da kika sani ai ke ce da alhaki."

"Na nuna muku, Anti."

"Nuni sau ɗaya shi ne karatu? Ke shekara nawa kika yi kina koyo?"

Baba ya ce a daina hayaniya, abin da ya faru ya faru, amma wannan darasi ne ga kowa. Da ya ce kowa, mutum ɗaya yake kallo.

Gyambon nan ya ci watanni kafin ya rufe, kuma kullum sai an wanke shi an canza auduga. Likita ta daina fita. Farar rigar ta koma jikin ƙusa a bayan ƙofa. Da aka kafe sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa, babu nata. Ta faɗa wa Baba za ta maimaita shekara. Da yamma ina jinsa a kan benci yana gaya wa abokansa wai an ƙara mata shekara guda don ta ƙware sosai, ba kowa ake zaɓa ba. Raina ya ɓaci har na ɗinke hannun rigar wata a baibai.

Shekarar maimaicin ma haka ta soma zubewa. Ta je yau, ta yi fashin sati. Yarinyar da na sani mai kumatu ta koma sai idanu. In ta zo wurina ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ko hira ba ta yi, idonta na kan agogon bangona. Tana tsakiyar magana sai ta miƙe, lokacin juyi ya yi. Wata rana na ce mata, "'Yar nan, ki tattara ki koma makaranta. In suka ga ba kowa, dole su yi."

"Na gwada, Anti Tela," ta ce. "Kin ga abin da na tarar. Su za su iya jurewa su ƙi yi. Ni na san abin da awa shida take yi wa fata, su ba su sani ba, shi ya sa suke iya barci."

'Yan ajinsu na da suka gama, aka rantsar da su. Doguwa ta zo gidan wata Juma'a, yanzu likita ce ta gaske, ta zaunar da ƙawarta a shagona. Ta ce ta roƙi shugaban sashe, ya ce yana tuna yarinyar, ta fi da yawa kai. Ranar Litinin za a fara zagayen sashe na ƙarshe. In ta zo ta tsaya har ƙarshe ba fashi, zai tsaya mata ta zauna jarrabawa. In ta sake ɓacewa, hannunsa ya fita, dokar makaranta za ta yi aikinta.

Likita ta shiga ta durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu a ƙasa. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ta ce wata biyu kawai take roƙo a cikin rayuwarta. Baba ya ji kunyar Doguwa, ya tara iyali, aka raba kwanaki. Anti ta ɗauki Litinin da Talata tana cewa ai uwa ta kowa ce. Matar Yaya ta ɗauki Laraba da Alhamis. Yaya ya ce ƙarshen mako nasa ne. Na wanke mata farar rigar da hannuna na goge.

Litinin da safe ta fito tsakar gida a cikinta, jaka a kafaɗa, tana jiran Anti. Sai ga waya: miji ya yi baƙi, ba dama, amma gobe in Allah Ya yarda. Matar Yaya kuwa tun fitowar rana ta goya ɗanta ta tafi gidansu, wai ba ranarta ba ce. Yaya ya tayar da mota ya leƙo ta taga ya ce ana jiransa a ofis, ta yi haƙuri. Baba ya sa hula ya ce bari ya je ya ga abin da ya tsare Anti, ya bi ta wata hanyar da ba ta zuwa gidan Anti.

Na ajiye ɗinkina na shigo ta 'yar ƙofar. "Wuce ki tafi. Na ga yadda kike yi, zan juya ta."

Ta tsaya ta ga na juya Mama sau ɗaya, ta gyara mini filon, ta fita da gudu. Litinin na yi, Talata na yi, don Anti ba ta zo ba. Ba wani abu ba ne mai wuya, wallahi. Zare ƙafar keke in ta cije ya fi shi wahala. Yarinyar ta dawo Talata da yamma har tana ba ni labarin wani yaro da ta gano ciwonsa kafin kowa, babban likita ya ce a tafa mata.

Laraba da safe na tura 'yar ƙofar na ji ta a kulle. Sabon kwaɗo ne fil. Baba yana tsaye ta ciki, ya yi mini magana ta taga.

"Mun gode, amma ya isa. Jiya a kan benci wani yake tambayata wai tela ce ke jinyar matata. Tela! A gidan da ke da likita. Ki tsaya a kan kekenki in kina son zaman shagon nan."

"Alhaji, wata biyu ne fa. Karatun yarinyar nan ne zai tafi."

"Karatu ba ya guduwa. Uwa ita ke tafiya."

Ya fita ta babbar ƙofa ya bar 'yarsa a tsakar gida da farar riga. Gidan ba kowa sai ita da Mama, matar Yaya mai ranar ba ta dawo daga gidansu ba. Ta shiga ɗakin, ina hango su ta tagar da ke buɗe. Mama ba ta magana, amma hankalinta yana nan, duk abin da ake yi tana ji. Ta ɗaga hannunta na hagu, mai lafiyar, ta dafa ƙirjin 'yarta tana tura ta wajen ƙofa. Ta tura, ta sake turawa, hawaye na gangara mata cikin kunne. Likita ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ta dubi hanya, ta dubi gadon. Sannan ta sauke jakar, ta cire rigar, ta lanƙwasa gwiwar uwarta ta juya ta.

Alhamis matar Yaya ta ce ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Ƙarshen mako Yaya ya yi tafiya. Ba wanda ya ce mata kada ki je. Ina so ku riƙe wannan, domin in kun tambaye su yau za su rantse ba su taɓa hana ta ba, kuma ba su yi ƙarya ba.

Da makarantar ta sallame ta, a tsaye ta faɗa musu, ana cin abincin rana. Anti ta ce Allah sarki, haka Allah Ya so, ladan uwa ya fi. Yaya ya ce makarantun nan ba su da tausayi. Baba ya tauna lomarsa ya haɗiye, ya ce, "To ai ilimin yana cikin kanki. Wa zai ƙwace shi? Kada dai maganar nan ta fita waje."

Bayan wani lokaci Doguwa ta zo duba Mama. Ta mirgina ta, ta bi bayanta da ƙugunta da dugaduganta, fata sumul, sai tabon nan guda. Ta ce ko a asibitinsu ba ta ga an riƙe mai shanyewar jiki haka ba. Baba ya washe baki ya dubi mutanen ɗakin.

"Kun ji ko? Da na bari an kawo bare, da yanzu wani zancen ake yi."

Doguwa ta tattara kayanta ta fita ba sallama. A ƙofar shagona ta tsaya ta share ido kafin ta tari abin hawa.

Shekaranjiya da hantsi Likita ta shigo shagona ta babbar hanya, da farar rigar a ninke. Ta ajiye a kan teburin yanka.

"Anti Tela, ki yanka mini ita gida-gida, ki kalmashe bakin. Yawu yana zubo wa Mama, tawul yana goge mata fata. Wannan yadin ya fi laushi."

"Ki bari in ba ki wani ƙyallen. Ina da fari da yawa."

"A'a. Wannan nake so. Na gaji da ganinta a bayan ƙofa."

Na shimfiɗa rigar. Ɗinkina ne, na gane kowane layi, ga manyan aljihun nan da aka tsaya a kaina sai na sa. Hannuna ya ƙi ɗaukar almakashi. Ita kuwa idonta na kan agogo.

Sai ga muryar Baba daga kan benci, cike da fara'a, yana jan hannun wani baƙo.

"Zo, zo, ai ka zo gidan sauƙi. Ba sai ka je layin asibiti ba. Likita! Ina Likita? Fito ga mara lafiya!"

"Na'am, Baba," ta amsa. Ta juyo ta dube ni. "Ki fara da hannuwan. Zan dawo in na juya Mama."

Ta fita, na sa almakashi.